KARATUN INJINIYA TA WAYAR HANNU: AMSA GA WATA UWA DAGA LAMBARA

    To, a gyara zama, don zancenmu na yau ya shafi aljihunmu, ya kuma shafi makomar 'ya'yanmu.

Zancen ya taso ne daga wani saƙo da ya zo mana daga Lambara, can kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, idan an wuce Boɗinga. Wata dattijuwa ce ta sa jikanyarta ta ɗauki muryarta a waya ta turo mana. Ba zan faɗi sunanta ba, Inna zan riƙa ce mata. Inna tana da ɗa namiji da ke karatun injiniya a jami'a, yana aji uku. Duk sanda ya zo hutu, ko aka rufe makaranta, sai ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa da waya tun safe har la'asar. In an yi magana ya ce lakca yake saurare. Mahaifinsa ya ce shi bai taɓa ganin karatun da ake yi a kishingiɗe ba, yaro ya tashi ya bi shi gona. Yanzu kuma yaron ya ce wayar ba ta isa, sai an saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Abin da Inna ta mallaka awaki ne guda uku, sai kuɗin adashi da za ta kwasa bayan salla. Ga kuma ƙanwar yaron da ke aji biyu na babbar sakandare, ita ma ta ce injiniya za ta zama. Sai Inna ta ce in gaya mata tsakani da Allah, wanga karatu na waya karatu ne na gaskiya, ko ko ɗiyan zamani ne ke yi muna wayo? Ta sayar da awakin, ko ta riƙe abinta?

Inna, na gode da wannan tambaya, kuma na san ba ke kaɗai ba ce ke da ita a zuci. Kafin in zo nan sai da na zauna da wasu ɗalibai masu karatun injiniya, maza da mata, waɗansu 'yan jami'a waɗansu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha, na ji ta bakinsu. Zan kawo miki abin da suka ce. Amma bari mu fara da tarihi, don ki san cewa karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu.

Ke da ke Lambara, Sifawa ba nisa gare ki, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta lura cewa matan aure da ke ƙauyuka ba za su iya barin ɗakunansu su zo gabanta ɗaukar karatu ba. Me ta yi? Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana, ana kiran kowace ɗaya jaji, ta ɗora musu malfa. Su ne ke tasowa daga garuruwansu tare da 'yan mata ƙanana, su zo wurinta su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin da ta tsara, su haddace, su koma su karantar da matan da ke cikin gidaje. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ya faro wajen shekarun 1830. Kin ga malama tana wuri guda, ɗalibai suna nesa, karatu kuma yana isa. Jaji ita ce wayar wancan zamani.

A zamanin Turawa da bayansa, akwai iyayenmu maza da suka yi karatu ta gidan waya: a aiko musu da darasi daga Ingila a cikin ambulan, su amsa tambayoyi su mayar, malami ya duba ya sake aikowa. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda malaman firamare da yawa, har da matan aure, suka sami takardar NCE ta hanyarta ba tare da sun bar aikinsu ko gidajensu ba. Sannan ga abin da ya fi kusa da ke, Inna. Maƙwabcinku, marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne tun kafin ya shiga siyasa, shi ne ya sa hannu a dokar kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, lokacin yana Shugaban Ƙasa. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Ita ce ake kira NOUN, kuma tana da cibiyar karatu a nan Sakkwato. Shi kansa Obasanjo ya shiga cikinta ya zama ɗalibi.

To, abin da ya sauya a yau shi ne abin da ke ɗauko karatun. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya aka sami manyan wayoyi masu hawa intanet. Tun daga 2015 duk mai son shiga jami'a sai ya rubuta jarrabawar JAMB a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba a kan takarda ba. Sai kuma shekarar 2020 ta zo da cutar korona, aka rufe makarantu a watan Maris, ga malaman jami'a sun shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake wani yajin aikin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan watanni ne ɗalibai da yawa suka koyi neman karatu da kansu ta waya, don kada abin da ke kai ya zube. Wasu malamai ma tun daga lokacin suka saba tura darasi ta WhatsApp, ko su tara ɗalibai ta Zoom.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don in kin leƙa ɗakin yaro ki gane abin da kike gani. Darasin waya iri biyu ne. Akwai na kai-tsaye, wanda malami ke magana a daidai wannan lokaci, ɗalibai na saurare daga garuruwansu, mai tambaya ya yi tambaya. Shi wannan yana da ƙayyadadden lokaci, in ya wuce ya wuce, kamar dai shirin nan da kike saurare. Akwai kuma wanda aka riga aka ɗauka aka ajiye, ko hoto mai motsi, ko murya, ko rubutu, ɗalibi ya sauke shi cikin wayarsa ya duba sanda ya sami sarari. Kowannensu yana cin kuɗin da ake kira data. Hoto mai motsi ya fi ci, murya na bi masa, rubutu kuwa ɗan kaɗan yake ci.

Yanzu ga abin da ɗaliban suka gaya mini. Abu na farko da kusan kowa ya yaba shi ne maimaitawa. Karatun injiniya lissafi ne ya yi masa yawa, kuma a aji in malami ya warware lissafi a allo ya goge, shi ke nan, musamman ga wanda ke zaune can baya a aji mai cunkoso. A waya kuwa sai ka tsayar da malamin, ka koma baya, ka sake kallo har sau biyar, ba ya gajiya, ba ya tsawa. Wani yaro ya ce mini darasin da ya kayar da shi a aji biyu, ta YouTube wani malami ɗan Indiya ya fahimtar da shi. Na biyu, suna ganin injunan da babu irinsu a kusa da su. Ɗalibi yana zaune a Lambara sai ya kalli yadda cikin injin jirgin sama ke juyawa, ko yadda ake haɗa transfoma tun daga waya ta farko.

Na uku shi ne wanda ya shafi tambayarki ta laftof. Injiniyan yau ba ya zane da fensir kaɗai. Akwai manhajojin kwamfuta, irin su AutoCAD, da ake zana gini ko injin da su. Akwai kuma waɗanda ɗalibi zai gina gada a cikin kwamfuta, ya ɗora mata nauyin tirela, ya ga inda za ta fara tsagewa, tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Mai karatun lantarki zai haɗa wayoyi a cikin kwamfuta ya ga ko za su ƙone. Irin wannan aiki ƙaramar fuskar waya ba ta ɗaukarsa yadda ya kamata. Saboda haka ɗanki bai yi miki ƙarya ba da ya ce ɗan aji uku na buƙatar laftof, don a gabansa akwai aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda dole sai da ita.

Amma fa ba yabo kaɗai na ji ba, koke-koken ma suna da yawa. Babbansu shi ne sabis. Malami na tsakiyar bayani sai murya ta ɗauke, kafin ta dawo an wuce wurin. Wanda ke birni da wanda ke ƙauye aji ɗaya suke, jarrabawa ɗaya za su rubuta, amma ba darasi ɗaya suka ji ba. Kuna tune da watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Duk ɗalibin da ke can a lokacin, karatun waya ya tsaya masa cak. Sai kuɗin data, wanda ya ƙara tsada bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sai wuta: waya ba ta aiki sai da caji, kuma yaro na iya kai ta shagon mai caji da safe bai karɓo ba sai azahar, lakca ta riga ta wuce.

Akwai kuma koken da suka yi game da koyarwar kanta. Sun ce wani malamin sai ya turo takardu shafi ɗari ya yi shiru, ba bayani, ba damar tambaya, ya ce ya koyar. Wasu kuma da gaskiyarsu suka amsa laifin kansu, suka ce wayar da ke ɗauke da lakca ita ce ke ɗauke da ƙwallo da fim da hira, kuma ba mai tsaye a kanka. Ka shiga don lissafi, ka farka ka ga awa biyu ta tafi a kallon abin dariya. Tun ƙarshen 2022 kuma an sami manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda za ka ba su tambaya su rubuto maka amsa. Mai hankali yana amfani da su don ya gane inda ya kuskure, malalaci kuwa kwafa yake yi ya miƙa wa malami. Wata ɗaliba ta ce mini tsoronta shi ne ranar da irin wannan zai tsaya a kan ginin bene, ba ya iya lissafin rodin da za a sa. Kuma gaskiyarta, don kuskuren injiniya rayuka yake ci.

Abin da duk suka haɗu a kansa, ba wanda ya saɓa, shi ne waya ba ta maye gurbin aikin hannu. 'Yar uwa, ke kin fi kowa sanin wannan. Ni nan zan iya gaya miki a rediyo yadda ake tuwon shinkafa, in faɗi yawan ruwa da lokacin da za a rufe tukunya. Amma yarinyar da ba ta taɓa riƙe muciya ba, ranar da ta fara sai ta yi gudaji, don hannu ne ke sanin tuwo ya yi. Haka aikin injiniya yake. Ɗalibi zai karanta a waya cewa ana haɗa kankare da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma sai ya kwaɓa da hannunsa, ya zuba a ma'auni, ya jiƙa shi cikin ruwa, bayan kwana 7 da kwana 28 ya sa a injin matsa ya ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe, sannan zai san kankare. Haka walda, haka gyaran injin ban-ruwa, haka haɗa sola. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani.

Shi ya sa karatun injiniya a jami'a shekara biyar ne, kuma a cikinsa akwai watanni da ɗalibi zai bar aji ya je masana'anta ko wurin gini ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Wannan tsari ana kiransa SIWES, hukumar ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973, kuma 'yan jami'a kan yi wata shida a aji huɗu. A nan kusa da mu akwai wurare irin su kamfanin siminti na Kalambaina, da madatsar ruwa ta Goronyo, da Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda aka daɗe ana aiki a kan hasken rana. A kwalejin kimiyya da fasaha kuwa, irin ta Umaru Ali Shinkafi da ke nan Sakkwato ko ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ɗalibi na yin shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya fita ya yi shekara guda yana koyon aiki, sannan ya dawo ya yi shekara biyu na babbar difloma.

A nan zan ja kunnenmu. Akwai 'yan damfara da ke tallar makarantu a waya, su ce ka biya kuɗi ka zauna gida, cikin shekara ɗaya ko biyu a ba ka digirin injiniya. Kada a yarda. Kafin a biya ko sisi, maigida ko wani babba a gida ya bincika. Jami'a sai hukumar NUC ta amince da ita, kwalejin fasaha sai hukumar NBTE, karatun injiniya kuma sai majalisar COREN ta tantance shi, wadda aka kafa tun 1970, kuma ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan. Duk makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje da wurin koyon aikin hannu, takardarta ba za ta kai yaro ko'ina ba. Rigakafi ya fi magani.

To Inna, mu dawo kan ɗanki. Ta yaya za ki gane karatu yake yi ko wasa, ke da ba ki yi boko ba? Ba sai kin iya Turanci ba. Mai karatun injiniya na gaskiya ba ya rabuwa da biro da takarda, don lissafi ba a koyonsa da ido kaɗai. In kin leƙa kin ga waya a gabansa, littafi a cinyarsa, yana tsayar da hoton yana rubutu, to karatu yake yi. In kuwa ya wuni a kwance yana murmushi, yatsa na ta share fuskar waya, ba biro ba takarda, to wannan hira ce. Sannan ki riƙa tambayarsa da daddare, yau me ka koya, gaya mini da Hausa. Wanda ya gane abu zai iya bayyana shi ga mahaifiyarsa, ko da misalin injin markaɗe ne. Wanda bai gane ba sai ya fake da cewa ba za ki fahimta ba. Ki kuma sa yayansa ko kawunsa ya riƙa duba sakamakon jarrabawarsa duk zango.

In kin tabbatar karatu yake yi, to sai a taimake shi, kuma taimakon farko ba na kuɗi ba ne. Ɗaliban nan sun ce babbar matsalarsu a gida ita ce aike. Da an ga yaro a zaune sai a ɗauka ba abin da yake yi: tashi ka kai niƙa, tashi ka ɗebo ruwa, tashi ka kai saƙo gidan Gwaggo. Ki ce ya gaya miki lokutan lakcarsa ta kai-tsaye tun da safe. A waɗannan awoyi a ɗauka yana makaranta, a kore masa ƙanne daga ƙofar ɗaki, a rage ƙarar rediyo, ko da kuwa shirina ake yi. In ya gama ya tashi ya yi aikin gida kamar kowa. Game da mahaifinsa kuwa, kada ki tsaya gardama da shi a gaban yara. Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki yi masa bayani cikin ladabi, sannan ki sa yaron ya nuna masa zanen da yake yi. A raba lokaci, gona da sassafe, karatu da hantsi zuwa azahar. Malam yana da gaskiyarsa, don injiniyan da ya san wahalar ban-ruwa da hannunsa shi ne zai fi iya ƙera abin da zai sauƙaƙa ta.

Sai batun awaki. Shawarata, kada ki sayar da su duka, don su ne jarinki, kuma karatun da saura shekara biyu, ga na ƙanwarsa na tafe. Ba dole sai sabuwar laftof ba. Akwai ta hannu mai kyau, amma kada a saya sai an tafi da wanda ya san kanta, ya duba batir, ya tabbatar za ta ɗauki manhajojin da sashensu ke amfani da su. Yaron ya fara tambayar malaminsa ko 'yan ajin gaba da shi irin wadda ta dace. A haɗa kuɗin adashi da akuya ɗaya, a nemi gudummawar kawunnai da yayye, shi ma yaron ya kawo nasa, ko da daga gyaran waya ko haɗa wutar gidaje ne lokacin hutu. Abin da mutum ya sa guminsa a ciki ya fi riƙe shi da daraja. In da hali a haɗa da ɗan ƙaramin faifan sola, wanda zai yi cajin waya ya ba da fitila, gida duka ya amfana. Don rage cin data kuma, ya riƙa sauke darussa sanda ya shiga inda sabis ke da ƙarfi, ya zo gida ya kalla ba tare da intanet ba.

Yanzu ga 'yar autarki mai son zama injiniya. Kada a kashe mata gwiwa da cewa aikin maza ne. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta ƙasar nan, APWEN, tun 1982 aka kafa ta, kuma a 2024 mace ta fara shugabantar Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya baki ɗaya, wato Injiniya Margaret Oguntala. Abin da yarinyar ke buƙata yanzu shi ne ta dage da lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, don su ne za ta rubuta a JAMB. Ta kuma saba da taɓa kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa, kuma ga laftof ɗin yayanta in an saya. Akwai wani dandalin karatu kyauta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, mai suna Nigeria Learning Passport, wanda ke da darussan firamare da sakandare. Yayanta ya buɗe mata.

'Yan matan da na zanta da su suna da nasu ra'ayin na daban. Sun ce karatun waya ya yi musu rana ta fuska biyu. Mai kunyar ɗaga hannu a ajin da maza suka cika, tana iya rubuta tambayarta ta tura. Wadda aka yi wa aure tana tsakiyar karatu, ko ta haihu tana wankan jego, tana iya bin darasi daga ɗakinta har ta koma, ba ta rasa zango ba. Amma sun ce in namiji na fama da aike sau ɗaya, su sau goma ne, don girki da wanke-wanke da raino duk suna jiransu. Sun kuma koka da samarin da ke ɗaukar lambarsu daga zauren WhatsApp na aji su dame su da saƙonni. Don haka uwa ta sa ido, ta ja 'yarta a jiki yadda in wani ya dame ta za ta faɗa mata, amma kada a ƙwace wayar gaba ɗaya a ce an yi maganin abin, don an haɗa da karatun an ƙwace.

Kafin in rufe, ina da magana da ke kanki, 'yar uwa mai saurare, wadda aka cire daga aji uku ko aji biyar aka kai ɗakin miji, har yau abin na ranki. Ita wannan hanya ba ta 'ya'yanmu kaɗai ba ce. Mai takardar sakandare tana iya neman izinin maigida ta yi rajista da NOUN ko NTI, ta yi yawancin karatunta a ɗaki, fitarta sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar rajista da jarrabawa. Wadda ba ta kai nan ba, ta sa 'yarta ta riƙa koya mata karatu da rubutu da lissafin sana'arta, ko rabin awa ne bayan isha'i. Matan da jajis suka karantar a cikin gidajensu ba su da waya ba su da rediyo, ke kuwa ga su duka a gabanki.

Inna, amsarki a taƙaice ita ce, karatun waya karatu ne na gaskiya in an haɗa shi da biro da takarda da aikin hannu a makaranta, kuma laftof kayan aiki ne ga ɗan aji uku. Ki bincika tukuna kamar yadda na faɗa, in kin gamsu ki sayar da akuya ɗaya, ki bar biyu su haihu. Allah Ya yi wa yaran nan albarka, Ya sa ki ga ranar da ɗanki zai haɗa wa Lambara ruwa da wuta, ƙanwarsa na tsaye tana duba aikin.

A nan za mu dakata, don lokaci ya yi halinsa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa ko saƙon murya kamar yadda aka saba, ko ta ba maigida ko yaro ya kawo gidan rediyo.